Akwatin Wutar da Na Haɗa wa Rikodar Inna

Ban taɓa haɗa wani abu daga tushe ba sai a shekarar da Inna ta cika shekara biyu a gidana a Rafin Guza, cikin Kaduna, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Kafin nan ni mai gyara ne kawai. A kawo rediyo ko rikoda rumfata, in buɗe, in nemo abin da ya ƙone, in cire in sa wani irinsa. Ko wannan ma ba na yin sa da sauri. Abokan sana'a kan gama rediyo biyar ban gama biyu ba, domin da na ɗaure bayan rediyo sai zuciyata ta ce na bar wata waya a sake, in kwance in sake dubawa. Karatuna bai wuce firamare ba. Turancin da ke jikin kayan aiki harafi-harafi nake binsa, sauran kuwa a hannun maigidana na koya, wani dattijo Banufe da ke zaune a Mando.

Inna ta dawo wurina ne bayan rasuwar Baba. Yaya, wanda direba ne, shi ya ɗauko ta daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, da adakarta da tabarmarta da wata rikoda mai cin manyan batura huɗu. A cikin adakar akwai kaset guda ɗaya naɗe a tsohon ɗankwali. A wancan zamani wanda bai iya rubutu ba, ko wanda maganarsa ta fi ƙarfin wasiƙa, sai ya ari rikoda ya yi magana a ba direba ya kai birni. Haka Baba ya yi mana, ni da Yaya, 'yan watanni kafin ya kwanta ciwon ajali. Da muka saurara Yaya ya mayar da kaset ɗin gida don a ɗora wani saƙon a kai, Allah bai nufa an goge ba. Babu wani babban labari a ciki. Gaisuwa ce, da yadda damina ta yi, da akuyar da ta haifi biyu ɗaya ya mutu, da roƙon a aika masa da man zafi saboda gwiwarsa. Sai ɗan faɗa a kan Yaya da ya daɗe bai leƙa gida ba. Ba mu da hoton Baba ko ɗaya. Wannan kaset shi ne ya rage.

Duk ranar Juma'a in na sauko daga masallaci na ci abinci, Inna takan ce, "Auta, kunna mani abin nan." Ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. Takan miƙe ƙafa a tabarma da carbi a hannu, ba kuka, ba magana, har kaset ya ƙare. Sabon batir kuwa ba ta yarda in saya mata. A wurinta almubazzaranci ne, ga shi lokacin kaya sun yi tsada. Don haka ragowar baturan da mutane kan bari a rumfa in sun sa sababbi su nake tarawa, in zaɓo masu ɗan sauran rai in kawo mata.

Wata Juma'a, Baba yana tsakiyar maganar akuya, sai muryarsa ta ja ta yi nauyi, ta tsaya. Da na buɗe na tarar rikoda ta tauna zaren kaset, ya naɗe a jikin 'yar robar da ke jan sa. Baturan ne suka gaza. Da tsinken ashana na warware shi, Inna tana kallon bango. Bai tsinke ba, amma wajen kamu ɗaya ya yamutse. Na shimfiɗa shi a kan madubi na goge da bayan cokali, na naɗe da biro. Tun daga ranar na ƙudura batir ba zai sake taɓa kaset ɗin nan ba.

Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne, in sayo adafta irin ta kasuwa wadda ake sawa a soket. Na sayo ɗaya, an rubuta bolt shida a jikinta, daidai da batura huɗu. Da na ɗora mitar awon wuta sai allura ta wuce tara. Na gwada ta a wata rikodar da aka kawo gyara, lasifika ta kama gunji kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Ga kuma halin wutar unguwarmu: da yamma ƙwan lantarki ya yi ja kamar tumatir, da hantsi ya yi haske har ka ji tsoron ya fashe, adaftar kuma duk inda wuta ta nufa nan take bi. Na kwana biyu ina tunanin ko mitata ce ta lalace. Na aro ta maƙwabci, ita ma haka ta nuna. Sai na hau motar Mando.

Maigidana ya yi shekaru yana gyara na'urori a bariki kafin ya yi ritaya. Tsakanin Nufawa da Katsinawa akwai wasa, shi kuma bai taɓa barin nasa ya kwana ba.

"Bakatsine, me ka ɓata kuma?"

"Maigida, ban ɓata komai ba tukuna."

"Tukuna. Ka ji bawa mai gaskiya. Zauna, kar ka tsaya mini a ka kamar mai jiran gawa."

Na kwashe labari na gaya masa. Da na zo kan kaset ya daina dariya. Ya jawo wani kwalin sabulu ya farke, ya zaro fensir daga bayan kunne ya shiga zane.

"Famfon unguwarku kullum yake kawo ruwa?"

"A'a, sai ya ga dama."

"To yaya matarka take yi?"

"Tarawa take a randa."

"Madalla, ashe ta fi ka kai. Ga taransifoma nan, ita za ta sauko da wutar gida zuwa bolt tara. Waɗannan dayod huɗun su ne za su hana ruwa komawa baya. Wannan kondensa ita ce randa. Wannan mai ƙafa ukun kuwa, ragileta, shi ne mai moɗa. Randa ta cika ko ta yi rabi, moɗa ɗaya zai ba rikoda, bolt shida. Abin da ya yi saura zafi yake mayar da shi, saboda haka ka ɗaura masa ƙarfe a baya ya sha zafin."

"In randar ta kusa ƙarewa fa?"

"Shi ya sa na ce tara, ban ce shida ba. In wutarku ta yi sanyi akwai sauran abin ɗiba."

Na gyaɗa kai, amma a mota sai da na buɗe kwalin sau uku ina bin layukan da yatsa. Randa na gane ta, moɗa ma haka. Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda ƙarfe zai san moɗa ta cika.

Washegari na shiga Babbar Kasuwa layin masu kayan lantarki, da mitata a jaka. Kowane dayod sai na auna shi gaba da baya kafin in karɓa. Mai shagon ya yi haƙuri a na farko da na biyu, a na uku ya ce, "Malam, jirgi za ka haɗa?" Na ce a'a, rikodar tsohuwa ce. Ya ce to Allah ya kyauta. Na sayi fiyus da gidansa, ko da yake na san a sana'armu da yawa in fiyus ya ƙone takardar sigari mai ƙyalli suke naɗawa. Akwati kuma wani kafinta ya haɗa mini da guntayen katako, na hana shi sa gwangwani, don kada wata rana Inna ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu.

Kwana uku na yi a kan aikin da maigidana zai gama kafin shayinsa ya huce. Na jera kayan a ɗan allo mai huji-huji, na liƙe da dalma. Kondensa ita ta fi tayar mini da hankali, domin tana da gaba da baya, in ka juya ta fashewa take yi, na taɓa gani a rumfar wani. Na duba alamar jikinta, na liƙa, na cire, na sake dubawa, na mayar yadda take da. Ƙarfen shan zafi daga murfin tsohuwar tukunyar alminiyom na yanko shi. Ranar da zan kunna sai na tsaya daga bakin ƙofar rumfa na danna makunni da sanda. Ba abin da ya fashe. Na matso na auna. A bakin taransifoma tara, a bakin kondensa sha biyu, a bakin ragileta shida. Na tsaya ina kallon allura. Tara ce ta shiga, daga ina ukun suka ƙaru? Na ɗauka wani abu na juya. Sai da na aika wa maigidana da tambaya ta hannun wani kwandasta, amsa ta dawo cewa haka take, in bar ɓata wa mutane lokaci. Har yau ban gane sosai ba.

Shidan nan kuwa ta tsaya cak. Na auna da hantsi shida, na auna da yamma lokacin da ƙwai ya yi ja, shida. Na haɗa da rikodar gwaji na kai kunne jikin lasifika, ba gunji ko kaɗan. Na bar ta tana juya wani kaset na waƙa tun safe har la'asar, ina taɓa murfin tukunya lokaci-lokaci, ɗumi kawai. A rayuwata ban taɓa yin abin da ya fito daidai haka ba, har abin ya ba ni tsoro.

Ranar Juma'a na ɗauko akwatin na ajiye gefen tabarmar Inna. Na cire batura, na haɗa waya, na yi bisimilla na danna. Sallama ta fito tar, ba gunji, ba ja. Amma muryar siririya ce, mai sauri, kamar ta wani saurayi ɗan talla. Kalmomin na Baba ne, damina, akuya, gwiwa, sai dai ba shi ke faɗa ba.

Inna ta tsayar da carbi. "Wanga wane ne?"

"Inna, kaset ɗin ne."

"Kashe." Na kashe. "Mi ka yi mashi?"

Abin da ya fara faɗo mini shi ne na lalata kaset, ko cokalin nan ne, ko wutar ta yi masa wani abu da ban sani ba. Na mayar da tsofaffin batura, na danna. Sai ga Baba, da muryarsa mai nauyi, yana jan magana yadda ya saba. Na kashe da sauri kafin a kai wurin da ya yamutse. Na fita na karɓo sababbin batura huɗu a kantin bakin layi, ban gaya wa Inna ba. Da na sa, saurayin nan ne ya dawo. Sabon batir ƙarya, akwatina ƙarya, mataccen batir shi ne gaskiya. Na zauna a ƙofar ɗaki da mita a cinya, ban san abin da zan auna ba.

Da safe ina Mando. Maigidana ya saurara har na gama, ya ce, "Da wace rikoda aka ɗauki maganar?"

"Ban sani ba. A ƙauye ne."

"A ƙauyen Katsinawa. To ni na sani. Baturan a rana aka shanya su, in ma ba a ƙwanƙwasa su da dutse ba. Moto, wannan da ke juya kaset, in yana jin yunwa a hankali yake tafiya. Babanka yana magana, zare yana jan ƙafa. Yanzu ka ba moto ya ƙoshi, ya ja zaren da gudu, magana ta takure ta yi siriri. Ragowar baturan da kake kai wa tsohuwa yunwarsu ta zo kusa da ta waɗancan, shi ya sa shekara biyu ba ku ji bambanci ba."

"To wanne ne daidai?"

"Akwatinka daidai ne. Kaset ɗin ne ba daidai ba."

"Amma Baba ne a ciki."

"Ni na ce ba shi ba ne?"

Ya ga yadda na yi, sai ya sassauta. Ya ce in fara kwafe kaset ɗin a kan sabo da wutar shida, wadda ba ta tauna zare, in mayar da na asali adaka kada a sake taɓa shi. Sannan in canza ragileta in sa irin wanda ake ƙara masa bolum, wato abin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo, in riƙa rage wuta har murya ta zauna. In kwafin ya taune, a sake wani. Ya ƙara da cewa kada in sa rai da yawa, domin baturan can ƙara mutuwa suke yi Baba yana magana, farkon kaset da ƙarshensa ba za su zo ɗaya ba. Da yamma na sami Yaya a tasha na tambaye shi. Ya ce rikodar mai shayin bakin kasuwa ce, kuma da idonsa ya sha ganin baturanta jere a kan danga suna shan rana.

Na yi duk yadda aka ce. Juma'ar da ta biyo Yaya ma ya zo. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba, ta bakina take bi. Na sa kwafin, na ɗora mita, na fara murɗa bolum a hankali. Allura ta sauka daga shida zuwa biyar, murya ba ta canza ba. Ƙasa da biyar sai saurayin ya fara tsufa a gabanmu.

"Tsaya nan," in ji Inna. Na tsaya. Ta saurara. "Ƙara kaɗan. A'a, ka wuce."

"Bai wuce ba," in ji Yaya. "Auta, ƙara ragewa. Muryar Baba ta fi haka kauri."

Na rage. Inna ta dube ni ta ce, "Ce mashi shi faɗa kaɗai ya sani. Mutum in yana faɗa ai daban yake."

"To ai Inna a nan ma faɗan yake yi mini."

"Ce mashi ba a kai wurin ba."

Na mayar sama, Yaya ya girgiza kai. Na yi ƙasa, Inna ta kau da fuska. Suka juyo gare ni su biyun, wai ni in faɗa. Na rufe ido na nemi muryar Baba a kaina, yadda yake kirana daga gona, ko yadda yake karatu da asuba. Sai na tarar duk inda na tono, muryar kaset ce take fitowa, ta mataccen batir, wadda kowane mako batura daban ne suke ba ta gudu daban ba mu sani ba. Na ce musu ban sani ba.

Na samu kwali na riƙa rubuta inda allura ta tsaya duk lokacin da Inna ta ce nan ne. Makon farko huɗu da rabi. Na biyu ƙasa da haka sosai. Na uku ta zaɓi wuri, da aka kai tsakiyar kaset ta ce ya canza, in gyara, na gyara ta ce ba haka ba. Ta daina jan carbi, ta daina miƙe ƙafa. Zama take yi a tsuke, kunne a karkace, kamar mai sayen tukunya tana ƙwanƙwasawa. A Juma'a ta huɗu na ci abinci na zauna ina jira. Ba ta ce in kunna ba. Na ce, "Inna, a sa?" Ta ce kanta na ciwo. Juma'a ta biyar ma haka.

Wannan shi ya fi komai damuna. Da, mace tana da muryar mijinta, ko da ba daidai ba ce, ba ta taɓa shakka ba. Na zo da ilimina na rabin kwali na sa mata shakka. Ko na mayar mata da batura yanzu ta riga ta san ana iya murɗa shi. Har na fara tunanin ko akwai alhaki a ciki, mutum ya riƙa juya muryar mamaci sama da ƙasa kamar tashar rediyo. Na so in tambayi limaminmu, na rasa ta inda zan fara yi masa bayanin ragileta.

Na riƙa ɗaukar kwafin zuwa rumfa ina saurare da abin sawa a kunne in babu masu gyara. Tun da muryar ta gagare ni, sai na fara jin abin da ke bayanta. Akwai kaza, akwai wani yaro da ya wuce da kuka. Akwai kuma daka, daga nesa kaɗan, taɓarya tana sauka a turmi ba fasawa kusan rabin kaset. A wani wuri Baba yana cewa, ga innarku nan tana aiki, tana gaishe ku. Na dawo da wurin na sake ji. Murya dai kowa da yadda ya tuna ta, amma hannun da ya yi dakan nan yana gidana. Inna ko a Kaduna ba ta bar daka ba. Mai ɗakina ta yi ta yi da Inna ta bar mata, ta ƙi, ta ce garin inji ba ya yi mata fura.

Ranar Asabar da hantsi ban fita rumfa ba. Na ce jikina ne ba daɗi. Na zauna a ɗaki kusa da taga da akwatin da rikoda, abin saurare a kunne ɗaya, ɗaya kunnen a tsakar gida. Inna ta zuba gero a turmi ta fara. Na kunna. Taɓaryar kaset tana gaba, na rage wuta. Ta koma baya, na ƙara. Sukan haɗu sau biyar ko shida su rabu, domin Inna takan tsaya ta juya geron da hannu. Na san shekara uku sun wuce, kafaɗarta ba kamar da ba. Na san kuma turmin ba ɗaya ba ne. Duk da haka na ci gaba, tunda ba ni da wani ma'auni. Can sai suka hau juna, ta waje da ta kunne, na ƙirga har ashirin ba su rabu ba. Na ɗauke hannuna daga bolum kamar ya ƙone ni. Allura tana ɗan ƙasa da huɗu da rabi, wurin da babu shi a kwalina.

A rumfa na cire bolum ɗin gaba ɗaya. Na auna inda ya tsaya, na nemo razisto biyu, 'yan kayan rage wuta, da suka haɗu suka ba da daidai wannan, na liƙe su a madadinsa. Na sa ɗan makunni mai gefe biyu, gefe ɗaya shida don sauran kaset-kaset, ɗaya gefen na ɗiga masa jan fenti. Ramin bolum na toshe shi da guntun katako. Na ɗaure akwatin, na kwance na duba, na sake ɗaurewa.

Juma'a ban jira ta ce ba. Na ajiye akwatin gefen tabarma na ce, "Inna, na cire abin murɗawar. Babu shi kuma." Ta dubi inda aka toshe. Na tura makunni gefen ja, na danna, na koma bakin ƙofa.

Baba ya yi sallama. Ya yi maganar damina. Ina kallon hannun Inna, carbin yana kwance a cinyarta. Aka wuce akuya, aka wuce gwiwa. Wajen faɗan Yaya ta miƙe ƙafa ɗaya. Dakan ya shigo daga baya. Na kasa riƙe abin a cikina, da kaset ya ƙare na gaya mata yadda na yi, da taga, da kunne biyu, da ƙirga ashirin.

Ta dube ni. "Dakan da ke ciki?"

"Eh, Inna. Ai ya ce kina aiki."

"Kaɗin auduga nike ran nan, ina zaune bayanshi. Mai daka matar ƙanenshi ce. Ita ko taɓarya kamar ana korarta take sakin ta, ko gero bai jin daɗin hannunta."

In hannun waccan ya fi na Inna sauri, to na rage wuta fiye da kima ke nan, ko kuwa tsufan Inna da saurin waccan sun ƙara nisa a kan nisa. Na fara lissafi a kaina ya ƙi tsayawa. Na miƙa hannu zan ɗauki akwatin na ce, "Bari in buɗe in mayar da bolum ɗin, sai a sake."

Ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin.

"Muryar fa, Inna? Shi ne?"

"Bar shi haka nan. Kar ka ƙara taɓa shi."

Ban ƙara taɓawa ba. Juma'ar da ta biyo ita da kanta ta tura makunnin gefen ja, ta ce in danna mata rikodar, haka kuma muka ci gaba shekara shida har Allah ya karɓi abarsa. Ko ta ji shi ne a wannan wuri, ko gajiya ta yi da ni da mitata, ba ta faɗa ba. Sau da yawa na shirya tambayar a bakina muna zaune, sai in ga ta miƙe ƙafa, in fasa.